Daga ina Turawa suka samo kalmar "Wagnerian"?

Rabi'atu Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Malamai a taimaka min. An ba mu aikin fassara a makaranta, sharhin jarida ne na Turanci a kan yadda wani shugaban kamfani ya faɗi warwas, sai marubucin ya ce ƙarshen mutumin ya zo "Wagnerian". Ƙaramin ƙamus ɗina ba shi da ita. Ni Wagner ɗin da na sani shi ne na sojojin hayar Rasha da aka yi ta ba da labarinsu a Mali. To me ya haɗa shugaban kamfani da sojan haya? Ko kashe shi aka yi?

Ɗan Gwaggo:
Ai kin ba kanki amsa. 'Yan Wagner aka turo masa suka yi masa aika-aika. Rubuta haka ki miƙa, a wuce wurin.

Malam Isyaku Zariya:
Wa alaikumus salam. Rabi'atu, kada ki biye wa Ɗan Gwaggo, zai kai ki ya baro ki. Kalmar nan ta girmi sojojin hayar da fiye da shekara ɗari. Daga sunan Richard Wagner aka ƙera ta, Bajamushe ne mai tsara kiɗa da wasannin opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera dukkan maganganun cikinsa ana bi da kiɗa. An haife shi a Leipzig a 1813, ya mutu a Venice ta Italiya a 1883. Tun yana raye Turawan Ingila suka fara cewa Wagnerian.

Amma zatonki bai faɗi ƙasa banza ba, akwai dangantaka, sai dai ta baya ce. Wani tsohon hafsan sojan Rasha, Dmitry Utkin, shi ne ake kira da laƙabin Wagner a fagen daga, aka kuma ruwaito cewa saboda wannan makaɗin ya ɗauki sunan. Daga laƙabinsa ƙungiyar ta samo suna bayan ɓullarta a 2014. Shi ya sa ma a Rasha ake yi wa mayaƙan kirari da "makaɗa". Utkin ya mutu tare da shugaban ƙungiyar, Yevgeny Prigozhin, a haɗarin jirgin nan na watan Agustan 2023. Kin ga sojojin ne suka ari sunan makaɗi, ita kuwa kalmar da ke cikin aikinki ba ruwanta da su.

Rabi'atu Funtuwa:
Allah ya saka da alheri Malam. To amma ta yaya sunan mutum ya koma sifa? Kuma me take nufi a nan?

Malam Isyaku Zariya:
Mu fara da ginin kalmar, ma'ana tana tafe. Gaɓa biyu aka haɗa: sunan Wagner da ɗafa-ƙeyar -ian. Ita wannan ɗafa-ƙeya Turanci ya gaje ta daga Latinanci, inda take -ianus. Romawa suna da sunayen zuriya da yawa masu ƙarewa da -ius, in aka liƙa musu -anus sai a sami irin su Julianus daga Julius, ko Octavianus daga Octavius. Da kunne ya saba da jin -ianus sai aka riƙa ɗaukarta ɗungurungum ana manna wa kowane suna. A yaƙin basasar Roma, mutanen Kaisar su ne Caesariani, na abokin gabarsa Pompey kuma Pompeiani. Haka aka yi a birnin Antakiya aka kira mabiya Almasihu Christiani, wanda ya zama Kirista a bakinmu.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, tun asali wannan ɗafa-ƙeya ta nuna ɓangare ce: mutanen wane. Kuma sau da yawa ba su ne ke raɗa wa kansu ba, na waje ne ke kiransu da shi. Wagnerian ma ta wannan ƙofa ta shigo, ta ƙofar rigima.

Issoufou Damagaram:
Salamu alaikum. Malam, Allah shi gafarta, bayaninka ya yi, amma ka tsallake Faransa, kuma nan ne aka yi haihuwar. Mu da muka yi karatu da Faransanci mun san wagnérien da wagnérisme tun a makaranta. Ingilishi in ya ga kalma mai kyau a Paris ɗauka yake, ba yau ya fara ba.

Ku ji abin da ya faru. A watan Maris na 1861 aka sa wasansa Tannhäuser a babban gidan opera na Paris, bisa umarnin Sarki Napoleon na uku. An yi gwaji sama da sau 160 kafin ranar. To al'adar gidan ita ce a sa rawar 'yan mata a kashi na biyu na kowane wasa, don 'ya'yan manya na wata ƙungiya, Jockey Club, sai sun gama cin abincin dare suke shigowa, kuma rawar suke zuwa kallo, wasunsu ma 'yan matansu ne ke rawar. Wagner ya ce shi ba zai lalata wasansa don su ba, ya sa rawar a farkon kashi na ɗaya. Suka iso suka tarar an wuce wurin. Sai suka zo da usur, suna busa, suna ihu, har mawaƙa su tsaya su jira a yi shiru. Sau uku aka yi wasan ya janye kayansa. A shekarar nan mawaƙi Baudelaire ya rubuta doguwar maƙala yana kare shi. Daga nan Paris ta rabu biyu, masu so da masu ƙi. Daga 1885 zuwa 1888 har mujalla aka yi sukutum mai suna Revue wagnérienne. Ku nuna mini irinta a Landan.

Ɗan Gwaggo:
Wato dai saboda an hana 'ya'yan masu kuɗi kallon 'yan mata aka samu sabuwar kalma. Duniya ina za ki da mu.

Malam Isyaku Zariya:
Malam Issoufou, labarin Paris gaskiya ne, ban ja ba. Inda muka rabu shi ne cewa sai da Turanci ya je Faransa aro. Me zai aro alhali yana da injin a gida? Tun kafin a haifi Wagner Ingila ke cewa Newtonian daga Newton. A fagen kiɗa ma akwai Handelian, daga Handel, shi ma Bajamushe ne da ya tare a Landan, ya zama ɗan ƙasa a 1727, ya mutu a 1759 aka binne shi a Westminster. Duk ɗan jaridar da ya san Handelian ba ya buƙatar kowa ya koya masa Wagnerian.

Kuma Landan ta yi nata rikicin da shi shekara shida kafin na Paris. A 1855 aka gayyato shi ya jagoranci makaɗan Philharmonic Society a taro takwas. Sarauniya Victoria da mijinta sun halarci ɗaya. Amma masu sharhin kiɗa suka yi masa rubdugu, musamman J. W. Davison na jaridar The Times. Dalili a fili yake: Landan a lokacin ta ɗauki makaɗi Mendelssohn, wanda ya mutu a 1847, tamkar waliyyi, shi kuwa Wagner ya riga ya caccake shi a rubuce. Ka zo garin mutane bayan ka zagi gwaninsu, wace tarba kake jira? A 1872 aka kafa ƙungiyar masoyansa a Landan, a 1877 ya dawo aka yi masa biki na musamman a Royal Albert Hall. Duk wannan hayaniya da Turanci aka yi ta, kuma dole a sami sunan da za a kira mutanensa da salonsa.

Issoufou Damagaram:
Injin yana gida, na yarda. Amma ɗan jaridar Landan na wancan zamani jaridun Paris yake karantawa kullum. In ka ga kalma guda ta tsiro a birane biyu da ke leƙen juna, kar ka yi saurin rantsuwa cewa kowa da kansa ya shuka.

Injiniya Kabiru (Jamus):
Ina bin ku tun ɗazu ina dariya, Zariya da Damagaram na faɗa a kan ɗan Leipzig, an manta da garinsu. Jamusawa ma suna da Wagnerianer, wato mabiyin Wagner, kuma a nan ne rigimar ta fi zafi. Makaɗan Jamus sun dare gida biyu: Liszt da Wagner a gefe guda suna cewa tsohon salo ya ƙare, Brahms da mai goge Joachim da mai sharhi Hanslick na Vienna a ɗaya gefen. A 1860 su Brahms har takardar yin tir suka sa wa hannu. Wagner ya taɓa rubuta littafi a kan abin da ya kira fasahar gobe, sai abokan hamayya suka juya shi suka riƙa yi wa kiɗansa ba'a da Zukunftsmusik, kiɗan gobe, wato wanda ba mai iya saurare yau. Har yanzu in ka kawo wa Bajamushe shirin da bai ga alamar yiwuwarsa nan kusa ba, da wannan kalma zai sallame ka. A wurin aiki na sha jin ta daga bakin waɗanda ba su taɓa shiga gidan opera ba.

Rabi'atu, ga abu biyu da za su yi miki amfani in an ce ki karanta a aji. Na ɗaya, baƙin W a Jamusanci kamar V na Turanci ake furta shi, kuma Turawan Ingila sun riƙe hakan a sunansa da sifar. Na biyu, nauyin murya yana ƙaura. A sunan yana kan gaɓar farko, a sifar kuwa ya koma kan ta biyu, wasalin ma ya miƙe: vag-NII-riyan. Haka -ian take yi kullum, tana jan nauyi zuwa gaɓar da ke gabanta, kamar Canada da Canadian, ko Darwin da Darwinian.

Sunan kansa na sana'a ne. Wagner na nufin maƙerin keken doki ko amalanke, kuma yana cikin sunayen da suka fi yawa a ƙasar nan. Mai gyaran famfon gidan da nake haya ma sunansa ke nan.

Rabi'atu Funtuwa:
Na gode Injiniya. Amma har yanzu ban ga shugaban kamfanina ba a cikin labarin nan.

Hajiya Balaraba:
'Yata, ƙyale mazan nan, in suka kama tarihi sai a kwana. Ni tambayar da ta fi damuna ita ce wadda za ta kai ki ga amsa: me ya sa shi? Akwai Mozart, akwai Beethoven, akwai Bach, ko mu da ba ruwanmu da kiɗan Turawa mun ji sunayensu. Akwai Mozartian da Beethovenian a manyan ƙamusoshi, amma ba za ka ji an siffanta faɗuwar kamfani ko wasan ƙwallo da su ba, suna nan cikin ɗakin masana kiɗa. Ta Wagner ce kaɗai ta fito titi. Malam Isyaku, amsa wannan, ka bar Romawa su huta.

Malam Isyaku Zariya:
Ranki ya daɗe Hajiya, kin taɓo inda ke ƙaiƙayi. A ganina suna ba ya zama sifar gama-gari sai an iya naɗe mai shi cikin hali guda da ko wanda bai san aikinsa ba zai gane. Machiavellian makirci ne, ko ba ka buɗe littafin Machiavelli ba. Orwellian gwamnati ce mai leƙen asirin kowa. Me za ka naɗe Mozart da shi? Daɗin kiɗa? Ai wannan sai ka saurara. Shi kuwa Wagner halinsa ana iya ƙirga shi da agogo da awo: girma da tsawo da ƙara da wuce gona da iri.

Duba babban aikinsa, Der Ring des Nibelungen, labarin wani zobe da aka ƙera da zinaren kogin Rhine. Ya fara shi a 1848, bai gama ba sai 1874, shekara 26. Wasanni huɗu ne a jere, dare huɗu, jimillar kiɗan kusan awa 15. Makaɗa sun haura ɗari. Kayan busan da ake da su ba su ba shi sautin da yake so ba, sai ya sa aka ƙera sabo, har yau da sunansa ake kiran abin. A wasa na farko akwai wurin da labari ya gangara ƙarƙashin ƙasa inda wadanni ke ƙira, ya rubuta a kawo uwar maƙera 18 a riƙa dukansu bisa kari. Ba gidan wasan da ya gamsar da shi, sai ya gina nasa a wani ƙaramin gari, Bayreuth, aka aza harsashi a 1872, aka buɗe a 1876, da taimakon aljihun Sarki Ludwig na biyu na Bavaria wanda ke ɗauke da shi tun 1864. Bikin farko ya bar bashi mai nauyi, neman kuɗin biyansa ne ma ya kai shi Landan a 1877.

Sannan ki dubi yadda labarin ya ƙare. Wasa na huɗu sunansa Götterdämmerung, faɗuwar ranar alloli. An kashe jarumi, matarsa ta hau doki ta afka cikin wutar da ake ƙona gawarsa, kogi ya yi ambaliya, fadar allolin ta kama da wuta da su a ciki. Ba wanda ya tsira da mulki. Rabi'atu, ga shugaban kamfaninki nan. Marubucin yana cewa faɗuwar ba ta sirri ba ce, gagaruma ce, an daɗe ana jan ta, da hayaniya, kuma ta tafi da gidan gaba ɗaya.

Injiniya Kabiru (Jamus):
Na shaida maganar tsawo, don na shiga gidan na Bayreuth, wani abokin aiki ya ba ni tikitin da matarsa ta fasa amfani da shi. Da ƙarfe huɗu na yamma ake farawa, a tashi wajen goma, da hutu biyu na awa guda-guda. Kafin kowane kashi masu kakaki na fitowa a barandar gaba su busa ɗan yanki na kiɗan da ke tafe, shi ne kiran a koma ciki. Kujerun katako ne, ba wurin ɗora hannu, ba na'urar sanyaya ɗaki, ga zafin watan Agusta, ga mutane cikin kwat. Tsofaffin hannu da matashin zama suke zuwa. Makaɗan ba ka ganinsu sam, suna cikin wani rami da aka rufa a ƙarƙashin dandamali, sautin sai ya riƙa tasowa kamar daga ƙasa. In aka rufe ƙofa aka kashe fitila ba fita, ko tari ka yi sai an juyo an harare ka. Ban fahimci rabin abin da ake rerawa ba, amma na fahimci dalilin da ya sa mutum zai fito ya ce wa duk abin da ya ƙi ƙarewa Wagnerian.

Ɗan Gwaggo:
Awa shida a kan benci ba fanka, kuma da kuɗinka. Injiniya, ko ɗaurin talala aka yi maka?

Malama Hadiza (Sashen Hausa):
Bari in shigo ta ɓangarenmu, don in Rabi'atu za ta fassara sai ta san abin da Hausa ke da shi. Mu hanya uku muke bi. Akwai ɗafa-goshin ba- da jam'insa -awa, na mutum: Bakano, Kanawa. Akwai -iyya da muka aro daga Larabci, ta tafiya ko ɗariƙa: Ƙadiriyya daga Shehu Abdulƙadir, Tijjaniyya daga Shehu Ahmadu Tijjani, kuma muna haɗa su mu ce Baƙadire, Batijjane. 'Yan siyasa sun ɗauke ta, aka sami Kwankwasiyya da Gandujiyya da Buhariyya. Wannan ita ce ta yi daidai da ma'anar farko da Malam Isyaku ya faɗa, ta mutanen wane. Ku lura ma, Kwankwaso sunan gari ne, amma mai cewa Kwankwasiyya ba garin yake nufi ba, kamar yadda mai cewa Wagnerian bai tuna da amalanke.

Ta uku ita ce -anci, ta hali. Fir'auna ya ba mu fir'aunanci, kuma wanda bai san komai game da tarihin Masar ba ya san abin da ake nufi in aka ce maigida na yi wa ma'aikata fir'aunanci. Wagnerian ta yau a nan take. Turanci ɗafa-ƙeya guda ya ɗora wa kaya biyu, mu kuwa mun raba.

Ɗan Gwaggo:
Tunda an ambaci jar hula, bari in faɗi wace tafiya ce ta fi dacewa da faɗuwar ranar alloli...

Mai Kula da Zaure:
Ɗan Gwaggo, ajiye nan. Misalin nahawu Malama ta kawo, ba kamfen ba. Duk wanda ya ɗora siyasa a kai zan goge.

Rabi'atu Funtuwa:
To Malama, in rubuta "Wagnanci" ke nan?

Malama Hadiza (Sashen Hausa):
A'a ƙanwata. Fir'aunanci na aiki ne don mai karatu ya san Fir'auna. In kika ce Wagnanci, Bahaushe Mali zai tuna, kamar yadda kika yi. Fassara ma'anar: "ya yi gagarumar faɗuwa mai ban tsoro, wadda ta rushe da duk abin da ya gina". In malaminku mai son a nuna asali ne, ki ƙara ɗan bayani a ƙasan shafi.

Issoufou Damagaram:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Ingilishi yana da kalma ta biyu, Wagnerite. Mi ne ne bambancinsu?

Malam Isyaku Zariya:
Wagnerite mutum ce kawai, ba ta siffanta abu. Ita -ite daga Girkanci ta biyo ta Latinanci, kuma a Ingila ta fi zama a kan 'yan ɓangare, sau da yawa da ɗan ƙanshin raini: Jacobite, Luddite, a zamaninmu Thatcherite. Marubuci George Bernard Shaw ya rungume ta da gangan, ya sa wa littafinsa na 1898 suna The Perfect Wagnerite, inda ya karanta labarin zoben a matsayin hoton jari-hujja, wadan da ya mallaki zinare ya bautar da 'yan'uwansa a ƙarƙashin ƙasa shi ne mai masana'anta. Ba kame-kame ya yi ba, don Wagner ya shiga tawayen Dresden na 1849, aka ba da sammacin kama shi, ya gudu Zurich, ya yi shekaru fiye da goma bai taka Jamus ba. Da tafiya ta yi nisa sai aikin ya rabu: Wagnerite ta tsaya a kan masoya, Wagnerian ta kwashi sauran.

Shi kansa Shaw sunansa ya ba da wahala, don Shawian ba ta faɗuwa a baki. Sai aka mayar da sunan kamar na Latinanci, Shavius, aka sami Shavian. Irin wannan matsalar ce ke sa wasu sunaye su koma wa -esque, wadda ta zo daga Italiyanci ta hanyar Faransanci, kamar Kafkaesque. Malam Issoufou, ga taka nan, wannan kam ta Paris ta biyo.

Issoufou Damagaram:
Na karɓa, amma ban janye ta farko ba.

Hajiya Balaraba:
Ni kuma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Malam ya faɗa a gurguje cewa mutumin ya caccaki Mendelssohn, bai faɗi da me ba. Ba don kiɗansa kawai ba ne, don asalinsa Bayahude ne. A 1850 Wagner ya buga maƙala da sunan ɓoye yana cewa Yahudawa ba za su iya ƙirƙirar fasaha ta gaskiya ba, a 1869 ya sake buga ta da sunansa, ya ma ƙara mata. Ba ɓatan baki ba ne na rana ɗaya. Daga baya Hitler ya mayar da Bayreuth kamar gidansu, matar ɗan Wagner, Winifred, aminiyarsa ce. To mutum irin wannan, harshe ya ɗauki sunansa ya mayar da shi ma'aunin girma. Wannan ba karramawa ba ce?

Injiniya Kabiru (Jamus):
Hajiya, duk abin da kika faɗa haka yake, kuma a nan ba a ɓoye shi, a harabar gidan na Bayreuth ma akwai allunan tunawa da mawaƙa da makaɗan da aka kora ko aka kashe a zamanin Nazi. Abu ɗaya zan ƙara don lissafi ya daidaita: Wagner ya mutu a 1883, an haifi Hitler a 1889. Ƙiyayyar tasa ce, ya rubuta ta da hannunsa, amma abin da aka yi da kiɗansa bayan shekara hamsin wasu ne suka yi. A Isra'ila ba wata doka da ta hana kiɗansa, al'ada ce da ta faro tun 1938, bayan daren da aka farfasa shaguna da wuraren ibadar Yahudawa a Jamus. A watan Yulin 2001 jagoran makaɗa Daniel Barenboim, shi kansa Bayahude, ya juyo ya tambayi masu sauraro a Birnin Ƙudus ko ya kaɗa musu wani yanki na wasan Wagner mai suna Tristan und Isolde. Aka yi ta cacar baki a zauren, wasu suka fice, mafi yawa suka zauna, ya kaɗa. An daɗe ana Allah wadai da shi.

Malam Isyaku Zariya:
Ni kuma ina ganin kalmar ba yabo ba ce zalla. In Bature ya ce rigimar maƙwabtansa ta zama Wagnerian, ba jinjina yake musu ba, cewa yake abin ya yi yawa, an cika kumfar baki. Rainin da 'yan jaridar 1855 suka yi masa bai fita daga jikinta ba. Kuma Machiavellian ma ai ba karrama mai sunan take ba.

Malama Hadiza (Sashen Hausa):
Wani abin kuma, mutane na amfani da kayansa ba su sani ba. Kiɗan nan da ake sa wa amarya in za ta shiga coci, wanda kuke ji a finafinan Turawa, daga wasansa Lohengrin na 1850 aka ciro shi. Ya yaɗu ne bayan an kaɗa shi a bikin babbar 'yar Sarauniya Victoria a 1858. A cikin wasan, auren da aka yi wa wannan kiɗa ko kwana bai yi ba ya watse.

Hajiya Balaraba:
Malam Isyaku, misalinka bai zauna ba. Machiavellian laifin mutumin take ɗauke da shi, duk wanda ya furta ta ya tuna da makirci. Fir'aunanci ma haka, zaluncin ne ya rage. Ita kuwa wannan ta ɗauki tsawon wasa da yawan makaɗa da gobarar ƙarshe, ta bar maƙalar 1850 a waje. Ba'ar da kake cewa tana ciki ba'a ce ta wanda ya cika surutu, irin wadda ake yi wa kawu mai dogon jawabi a wurin ɗaurin aure. Rabi'atu ta shigo nan ta ji labarin uwar maƙera 18 da kujerun katako da usur ɗin 'ya'yan manya, kuma da ban yi magana ba da ta tafi ba ta ji wancan ba. In za ki sa bayani a ƙasan shafi, 'yata, layi biyu za ki yi, ba ɗaya ba.